Ni da Duna a Tsakiyar Titin Ƙaura

Bari in faɗi wautata da bakina kafin wani ya riga ni, don na san a garinmu Wagini akwai masu jira. Ni Gambo, wanda ake ce wa Sanƙo, da furfurata da jikokina, na ɗauki auren shekara talatin da ɗoriya na aza a bayan jaki. Ba wanda ya sa ni. Tun da na dawo kuwa ban sami sakat ba. A masallaci a tambaye ni, a kasuwar Batsari a tambaye ni, har mutanen Babban Duhu, dangin matata, sun aiko wai in je in ba su labari. Na gaji da maimaitawa, kuma na lura duk sa'ad da na faɗa sai labarin ya ƙara tsawo da kamu guda. Shi ya sa na ce gara in rubuta shi ya tsaya wuri ɗaya. Karatuna na ajin yaƙi da jahilci ne, rani biyu, kuma a yaƙin nan ba nasara na yi ba, sulhu muka yi. Wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙe shi da kansa.

Titin motar nan da ya taso daga Katsina, ya bi ta Jibiya, ya keta daji ya shiga ƙasar Zamfara har Ƙauran Namoda inda jirgin ƙasa ya ƙare, da ni aka gina shi. Shekarun baya, ina da sauran ƙarfi, aka ce kowane gari ya ba da mutane, ni kuwa surutu ya riga ya sa mai gari ba ya manta sunana. Kwana arba'in ina ɗaukar marmara, jar tsakuwar nan, a kwanon sarki, daga rami zuwa titi, yamma da Jibiya. Gammo ya cinye mini gashin tsakiyar kai, bai sake fitowa ba. Sunan Sanƙo shi ne ladan da na dawo da shi gida.

To bana, an gama maimai, gero ya fara fid da kai, na ɗora wa baƙin jakina Duna sauran waken bara zan kai kasuwar Jibiya. Da na iso titi na hau abina. Sai ga wani lebura ya taso mini da sanda, wai Nasara sun hana dabba taka titi da damina, kofato yana ɓata wa mota hanya, jakuna ga turbarsu can gefe cikin laka da ƙaya. Duna ya firgita, mangala ta zube a kwata, ni ma na bi ta. Mutanen garinmu uku suna tsaye suna kallo. Kafin in wanke lakar, labari ya riga ni gida.

Washegarin dawowata a gindin durumin ƙofar masallaci aka sa ni tsakiya. Wannan ya ce an kori mai gida daga zaurensa, wancan ya ce ai da ma kwano aka ba ni, ba titi ba. Na jure, na jure, sai wani ya kwaikwayi yadda na faɗa kwata. Nan na miƙe na ce, "In ban hau Duna na bi tsakiyar titin nan tun daga inda na zuba masa kwanon farko har inda ya ƙare ba, kafin watan nan ya mutu, to igiyar Tabawa ta tsinke."

Dariya ta ɗauke. Duk wanda ke wurin ya san igiya ɗaya ta rage tsakanina da Tabawa. Ta farko na tsinka ta a kan wata akuya muna ƙuruciya. Ta biyu na manta dalilinta, ita ba ta manta ba. In wannan ta tafi, ba kome, ba biko, tsohuwa ta kwashe tukwanenta ta koma Babban Duhu.

Limanmu ya kira ni zaurensa, ya yi mini faɗan da ban taɓa sha ba ko daga mahaifina, sannan ya buɗe littafi. Na so ya ce in yi azumi uku a wuce wurin. Ya ce ba irin wannan rantsuwar ba ce, wannan ta hau kaina. Zan iya sauka in yi salla, in ci abinci, in kwana, amma in sa dutse inda na sauka, in tashi daga nan. In na bi turbar jakuna ko taki goma ne na tsallake titi, aure ya mutu. Kuma sai da shaida.

Na shiga gida ina jan ƙafa. Tabawa ɗiyar kawuna ce, taubashiyata, tun muna yara ba ta raga mini. Na iske ta tana kaɗi. Ba ta ɗago ba sai da mazari ya cika, ta ce ba sai na wahalar da kowa ba, ita ce shaidar. "Zan je in gani da idona, Malam, ko ni matar aure ce ko bazawara. In bazawara ce, gara in sani da wuri, tun da sauran haƙora." Malam take ce mini, alhali ta fi kowa sanin inda karatuna ya tsaya.

Muka bar wa 'ya'ya gona muka kama hanya, kwana goma suka rage wa wata. A Ruma muka yi zangon farko gidan wani maƙeri abokina. Ya duba kofaton Duna ya ce marmara za ta cinye shi kafin Zurmi, ya yanka tsohuwar fata ya ɗaura masa kamar takalma. Duna ya yi taki uku ya zauna ya cinye na gaba biyu. Matar maƙerin ta dama mana fura da nonon Fulanin bakin daji, ta ja Tabawa ɗaki, ina jiyo su suna dariya. Ban tambaya ba, na san ba da Nasara suke ba.

Rana ta biyu da la'asar muka isa Jibiya. Na nemo ramin da muka haƙa marmara, ya zama kududdufi har da kwaɗi. Na nuna wa Tabawa, ta ce ashe dai na taɓa yin abin da ya amfani wata halitta. Da safe na hau Duna, na ce bismilla, na sa shi a tsakiyar titi daidai inda ƙafafun mota suka bar tudu.

Ba mu yi mil biyu ba leburori suka tare mu, da helumansu, wato shugabansu. Na cire hula na sunkuyar masa da kai, na ce ga takardar izinina, ya karanta. Ya daɗe yana kallo, sannan shi ma ya tura hularsa baya. Sanƙo iri ɗaya, kamar kwano ɗaya ya haife mu. Ashe mutumin Safana ne, a ramin nan muka yi aiki tare, shi ya zauna a kan aikin har ya zama heluma. Muka gaisa, muka tambayi na gida da na daji, muka ƙirga waɗanda suka mutu. Da na faɗa masa rantsuwar, ya ce wawa ne ni tun can, amma har iyakar ƙasar Katsina ba wanda zai taɓa ni, zai aika gaba. Bayan iyaka kuwa ba shi da baki.

A nan na koyi yadda ake kiwon titi, don kiwo ne. Kowane heluma yana da mil ɗinsa tsakanin duwatsun da aka shafa wa farar ƙasa. Da safe leburori su cike ramuka, sannan su ɗaure reshe mai ganye da igiya su ja shi a kan titi don ya kwantar da gargada. In an yi ruwa su gitta sanda, ba motar da za ta wuce sai ƙasa ta sha iska. Baturen hanya yana zagayowa, in ya ga aibi a mil ɗinka, kai da aiki sai wata rana.

Kafin Gurbin Ɓaure na yi abin da ake ta yabona a kai, bari in faɗi gaskiyarsa. Wata babbar mota ta taso daga gaba shaƙe da mutane, direba yana ta busa ham. Zuciyata ta ce in kauce, in sa dutse, in dawo. Na buga wa Duna dunduniya, ya ƙi. Na ja kunnensa, ya kafe ƙafafu huɗu ya rufe ido. Mota ta ci burki har muna jin zafin hancinta. Direba ya leƙo ya zage ni da harshe biyu, ya zagi jakin da na uku, ƙarshe ya sa ƙafa biyu a kwata ya zagaye mu. Mutanen cikin mota suna ta cewa wannan tsoho da zuciya yake. Zuciyar ta Duna ce. Ni dai da na ga sun wuce na ɗaga musu sanda kamar da niyya na yi. Tabawa ta ce ta ga gwiwoyina suna gaisawa.

Mun kwana a zauren wani mai ɗanwake a Gurbin Ɓaure, aka wayi gari da ruwa. Hantsi ya yi muka shiga daji, titi jiƙe, duk inda Duna ya taka sai ya bar rami kamar bakin ludayi. Iyakar ba wani abu ba ce, dutse ne guda da sanda a gicciye da bukkokin leburori. Amma daga ƙetare ta magana ta sake. Heluman wurin, wani dogo mai tsagen Zamfara, ya kama ragamar Duna.

"Tsoho, hita da jakinka daga hanyag ga."

Na cire hula. Ya ce ya ga sanƙo, kakansa ma yana da shi. Na ba shi labarin kwana arba'in, ya ce a ƙasar Katsina na yi su, in je can in karɓa. Na faɗi rantsuwar. Ya dubi Tabawa, ya ce shi ba ya son faɗa da sa'an ubansa, amma Baturen hanya yana tafe cikin makon nan, in ya iske sawun jaki a mil ɗinsa, shi da iyalinsa sai su ci me? Ba shi ya yi dokar ba.

Na ce na sani ba shi ya yi ba, amma shi ke riƙe da ragamata. Na ce wanda ya yi dokar bai taɓa ɗaukar kwano ɗaya ba, ya zo ya iske mu muna bin hanyoyinmu da jakunanmu tun kaka da kakanni, ya sa muka gina masa tasa da kawunanmu, yanzu ya ce ƙarfe ya bi ta mu mu bi ƙaya. Na ce in titin na mota ne, da mota aka kira ta ɗauki marmara. Leburori suka yi dariya, amma suka ɗauke ni daga kan Duna kamar buhu, suka kai shi bayan bukka suka ɗaure.

Sai na zauna a tsakiyar titi, daidai inda aka sauke ni, na ce ni ne dutsen da Liman ya ce a sa. Nan na yi azahar, nan na yi la'asar. Rana ta fito bayan ruwa, ta sami sanƙo ba hula, don na rantse ba zan mayar ba. Tabawa ta zo ta tsaya a kaina ta ce in tashi in ba mutumin haƙuri, a nemi dabara. Na ce ta matsa, maganar maza ce, in tana gaggawar zawarci ne ta jira wata ya mutu. Ta juya ta shiga bukkar matar heluma, sai na jiyo sun kama daka tare. Na ce a raina, ga shi, ni ina yaƙi, ita tana ƙawance da abokan gaba.

Da gari ya waye heluma da kansa ya kawo mini Duna, ya ce, "Tahi, tsoho. Allah shi ba ka lahiya, ka yi dace." Na hau ina hura hanci, na ce ashe Zamfarawa ma sun san namiji in sun gan shi.

Daga nan ni da Tabawa muka daina magana. Ta koma baya can, kamar jifa biyu tsakaninmu. Ni kuma na ce ba zan waiwayi mai fushi ba. Sau ɗaya ko biyu da na saci kallo a kwana, na hango ta tana jan wani reshen sabara da igiya. Na ce makamashi take tarawa na tuwon yamma, mace ko a hanyar lahira sai ta tsinci itace.

Abin mamaki, ba wanda ya sake tare ni. Duk leburorin da na wuce sai su jingina da shebur su ce sannu da aiki. Ni kuwa in ɗaga hannu in ce yauwa, sannunku. Na lura idonsu ba ya tsayawa a kaina sosai, na ɗauka kwarjini ne.

A Zurmi muka sauka gidan wani mai saƙa. Mutane ne masu karamci, sai dai gaisuwarsu ta fi tamu gajarta, kana cikin tambayar gajiya sun riga sun kai ga ina za ka. In za su ce i sai su ce awo. Aka kawo mana hoce, wata waina ta dawa, busasshiya, da miyar yakuwa da suke kira sure. Na ciji hocen na farko na ce wannan da shi ya kamata a gina titi. Amma da na jiƙa shi a miya sai da na ci huɗu, har na sa biyu a aljihu, don yana kwana uku bai lalace ba, abin da tuwonmu ba ya yi. Matan gidan suka kewaye Tabawa, na ga wata ta shiga da man shanu a ƙoƙo. Na ce lalle baƙuwa ta sami shiga. Tuwon da ta ba ni ranar da hannun hagu ta miƙo shi. Na ce fushin har ya kai nan.

Gaba da Dauran ne na gamu da wanda nake nema. Wata ƙaramar mota mai buɗaɗɗen baya ta tsaya a gabana, Baturen hanya ya fito, ja wur, da gajeren wando, da tafintansa. Wannan karon Duna ya so kaucewa, ni na riƙe shi, kuma wannan ita ce jarumtata guda a duk tafiyar, ina roƙo a rubuta mini ita. Tafinta ya ce Bature yana tambaya ko ban san doka ba. Na ce na sani, a kwata aka koya mini ita. Na cire hula na ce ya faɗa masa wannan kan ya ɗauki titin nan kafin titin ya ɗauki motarsa, kuma ba zan sauka ba ko za a kai ni gidan yari, sai dai a kai ni bisa jakina ta tsakiyar titi. Ban san abin da tafinta ya faɗa ba, don maganata ta yi zira'i goma, tasa ba ta kai taƙi ba.

Bature bai dube ni ba. Ya wuce ni ya tsaya yana duban titin da na baro, ya sunkuya ya taɓa ƙasa, ya daɗe yana hangen baya. Sannan ya ɗaga malafarsa sama kaɗan, ya mayar, ya shiga mota, suka raɓa ta gefena suka wuce a hankali. Na ce Allahu akbar, yau Nasara ya cire wa Gambo hula. Har waƙa na yi wa kaina.

Saura kwana biyu wata ya mutu muka shiga Ƙaura. Titin ya ƙare a bakin tashar jirgi, ba ƙofa, ba alama, sai rumfuna da mutane da wani baƙin ƙarfe yana huci. Na sauka, ƙafafuna sun manta yadda ake tsayuwa. Na kira heluman wurin ya zama shaida na biyu, na fara ba shi labarin yadda na karya Zamfara da Nasara.

Ya katse ni. "Kai ne mijin tsohuwa mai shara?"

Ashe labarin da ya riga ni ba nawa ba ne. A bukkar nan ta iyaka, ina can ina gasa sanƙo, Tabawa ta yi alkawari da heluma ta bakin matarsa: a bar ni in wuce, ita za ta bi bayana da reshe ta shafe duk sawun da Duna ya bari, inda ya yi zurfi ta cike da ƙafa ta daddanna. Heluma ya aika wa na gaba, na gaba ya aika wa na gaba. Kwana huɗu ke nan. Sannu da aikin nata ne. Malafar ma tata ce.

Na waiwaya, karo na farko da niyya. Tana tafe can, ta yi ja da ƙura tun daga ɗankwali har ƙafa. Ta ja reshen har inda Duna ya yi takin ƙarshe, ta shafe, sannan ta saki igiyar. Na kama hannunta na buɗe. Tafin dama ya tsage biyu, na hagu ya kumbura. Ta janye abinta ta ce wa heluma, "Ka shaida ya iso?" Ya ce ya shaida. Ta ce to madalla, a nuna mata inda ake sayar da gishiri, an ce na Ƙaura ya fi araha.

Kada wani ya ɗauka na tuba daga maganata. Dokar nan har gobe zalunci ce, kuma ranar kasuwar Jibiya mai zuwa wanda ya je zai gan ni a tsakiyar titi. Sai dai na daina rantsuwa da abin da ba nawa ni kaɗai ba.

A komowa ita ta hau Duna, ni na riƙe ragama, muka bi turbar jakuna, don ta ce ba ta da sauran hannun shara. Mun baro Zurmi, ina ta juya magana a ciki, ƙarshe na ce mata da na san abin da take ja ke nan da ban bari ba, kwana huɗu ba wasa ba ne ga mai shekarunta.

Ta gyara zama a kan akumari, ta ce, "Kwana huɗun ne suka dame ka, Malam? Ka ɗauka a bakin iyaka na fara bin bayanka ina share sawu?"

Mun wuce iyaka, mun wuce Jibiya, mun iso Wagini. An yanke gero, an kai shi rumbu. Har yau ban ba ta amsa ba.